Gudun Wida da Gajeren Wando

Na haura shekara talatin lokacin da na fara gudu, kuma ba sha'awa ce ta kai ni ba. A wancan zamanin ni tela ne a Zongon Kwatano, ina da ɗan shago a bakin layin da ake ɗaure raguna. Zama a kan keken ɗinki ya tara mini ƙiba irin wadda mutane ke yi wa barka. In na shiga masallaci sai a matsa mini wuri, a ce, "Malam tela, Allah ya ƙara buɗi." Ni ma buɗin na ɗauka. Mahaifina haka yake, da tumbinsa da kaurin wuyansa, har ranar da ya kife a kan keken da na gada, bai sake magana ba.

Surukina dillalin raguna ne, mutumin Maraɗi, ya zo Kwatano tun ba a haife ni ba. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana. Rumfarsa tana kallon shagona, saboda haka wuni muke yi a gaban juna ba tare da mun haɗa ido ba. Kullum da safe zan tsallaka, in cire takalmi, in tsuguna in gaishe shi. Shi kuma zai amsa yana kallon ragunansa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya ba in na san yana ji. Tun da na auri 'yarsa haka muke, kuma babu wanda abin ya dama.

Gab da wata babbar Sallah, layin ya cika da masu saye, sai wani farin rago ya tsinke igiya ya biyo ta ƙofar shagona. Ni ne na fi kusa. Na ji muryar surukina yana cewa, "A tare!" Na tashi da gudu, na bar takalmi a ƙarƙashin keke. Ban kai ƙarshen layin ba ƙirjina ya kulle. Na ga duhu, kunnuwana suka toshe, na zube a kan yashi ina haki kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Wata tsohuwa mai sayar da koko ce ta taka igiyar da ƙafa, ragon ya tsaya. Da na ɗago kai na ga mutane sun kewaye ni, waɗansu na fifita da hula, waɗansu na danne dariya. Wandona ya yage daga baya. Surukina ya zo ya karɓi igiyar, ya yi wa tsohuwar godiya, ya juya. Bai dube ni ba, kuma na san don ya rufa mini asiri ne ya ƙi duba. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Akwai wanda yake zaune a bencin shagona yana jiran ɗinki duk abin nan ya faru a idonsa. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a unguwar Gbegame, ɗan ƙabilar Fon, ƙanƙanin mutum mai furfura a gefen kai. Mu a Zongo duk malamin lakwal mushe muke ce masa, kalmar girmamawa ce da muka aro daga Faransanci. Shi kuwa kowa kamarad yake kira, wato abokin gwagwarmaya, don a waɗannan shekaru na juyin juya hali haka ake yi, a rediyo, a ofis, har a wajen jana'iza. Shuɗin yadi ya kawo in ɗinka masa gajerun wanduna. Ya bari sai da na sha ruwa, mutane suka watse, sannan ya yi magana da Faransanci yana haɗawa da Fon, yadda muka saba.

"Kamarad tela, wannan numfashin ba na mai shekarunka ba ne."

Na ce, "Rana ce ta yi zafi."

"Ba rana ba ce. Na girme ka, amma da ni ne da na kama ragon ina waƙa."

Ya ce wandunan na ƙungiyarsu ne. Su kaɗan ne, malamai, da ma'aikatan jirgin ƙasa biyu, da wani soja. Suna haɗuwa a bakin teku da sassafe su yi gudu. Bayan damina hukuma za ta shirya babban gudu daga Wida zuwa Kwatano, wanda ake kira maraton, kilomita arba'in da ɗoriya. Na yi dariya duk da halin da nake ciki. Wida da muke shiga mota mu yi gyangyaɗi kafin a isa?

Ya ce, "Ba Wida za ka fara ba. Daga wannan kwalekwale zuwa wancan a bakin teku za ka fara."

Na kwana biyu ina juya maganar. Ba maraton ɗin nake tunani ba, mahaifina nake gani a kan keke. Da na gaya wa matata sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Gudu, Malam? Wa zai kore ka?"

"Babu kowa. Don lafiya ne."

"Babban mutum da iyali? In Baba ya ji fa?"

Ta faɗi abin da ke raina. A Zongo yaro ne ke gudu, sai ɓarawo, sai mahaukaci. Magidanci tafiya yake yi a hankali, rigarsa na rinjaya. Muka yi shawara a kan kada kowa ya sani. Na je kasuwar Misebo wajen 'yan gwanjo na sayi takalmin kambas, na ce wa mai sayarwar na ƙanena ne, duk da bai tambaye ni ba. Na rufe shago na ɗinka wa kaina wando, ba gajere irin nasu ba, wanda ya sauko ƙasa da gwiwa ya rufe al'aura. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Bai kai wando ba, ya wuce gajeren wando.

Haka na fara. In an idar da sallar asuba sai in zame ta ƙofar baya, kaftani a kan kayan gudu, kambas a cikin jaka, in bi ta bayan tashar jirgin ƙasa in gangara teku. Akwai wani tsohon kwalekwale a kife a kan yashi. A ƙarƙashinsa nake cusa kaftani da hula da silifa.

Ranakun farko ba na son tuna su. Yashi yana riƙe ƙafa, cikina yana kaɗawa gaba da baya kamar ba nawa ba, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe. Matan masunta da ke jiran kifi suna kira da Fon, "Ga mai ciki nan ya zo!" su kwashe da dariya. Ina jin Fon sarai, amma sai in yi kamar ban ji ba. Sauran 'yan ƙungiyar su yi nisa har su zama ɗigo, mushe shi kaɗai yake komowa ya jera da ni, yana cewa in rage sauri, in rage kuma, har sai na iya magana ina gudu. Na ce masa wannan ai ba gudu ba ne, tafiyar agwagwa ce. Ya ce in yi ta agwagwar.

A hankali kwalekwale na biyu ya zama na uku. Muka bar yashi muka hau kwalta, hanyar filin jirgin sama, muna wuce gidajen manya masu sojoji a ƙofa. Wata safiya na lura ina jin ƙarar teku. Da can numfashina kawai nake ji. Ban gaya wa kowa ba, amma na ji daɗi ranar, har na tsaya na sayi kwakwa na sha ruwanta a tsaye kamar ɗan makaranta.

Sai jiki ya fara tona abin da muke ɓoyewa. Na rage ƙugun wandunana sau ɗaya, na sake ragewa. Wuyan riga ya yi mini yawa. A masallaci aka daina yi mini barka, aka koma tambaya a hankali, "Malam tela, jikin dai lafiya?" Wani ya ja ni gefe ya ce in ciniki ne ya tsaya in faɗa, 'yan'uwa suna nan. Surukata ta aiko da jiƙo a kwalba da kwanon tuwo har da man shanu, sannan ta kira 'yarta ta tambaye ta ko ta daina girki ne. Matata ta dawo idonta ja.

"Inna ta ce na bar ka da yunwa. A famfo ma mata sai kallona suke yi."

"Me kika ce mata?"

"Me zan ce? In ce mijina yana zuwa teku yana tsere da arna?"

Ta zuba mini tuwon uwarta, ta zauna ta tsare ni sai da na cinye.

Da tafiyar ta fara tsawo, dogon wandon nan ya zame mini azaba. In ya jiƙe da gumi sai ya yi nauyi, ɗinkin ya riƙa gurzar cinyoyina har suka saɓule. Ina dawowa Zongo ina tafiya a buɗe kamar wanda aka yi wa kaciya. Mushe ya ga jini a yadin, ya girgiza kai.

"Kamarad, kai ka ɗinka namu. Ka san dalilin da ya sa suke gajeru. Wa zai gan ka a nan? Kifi?"

Na ɗinka gajeren daga ragowar shuɗin yadinsu. Da na gwada a ɗaki matata ta rufe fuska da gyale ta fita. Ni kaina ban taɓa ganin cinyoyina a fili haka ba, farare-farare, ba su san rana ba. Amma da na yi gudu da shi sai na ji kamar an kwance mini dabaibayi. Na yi kwanaki ina sa shi lafiya lau.

Ranar da abin ya faru mun yi nisa fiye da kullum, har muka wuce filin jirgi. Da muka dawo gari ya waye sosai. Mushe ya hau ɗan babur ɗinsa ya tafi don kada ya makara a aji, sauran ma suka watse. Na nufi wurin kwalekwalena. Babu shi. Sai sawun da aka ja shi a kan yashi har cikin ruwa. Ashe ba matacce ba ne, gyara yake jira. Na tona yashin da hannu, na zagaya, na sake zagayawa. Babu kaftani, babu hula, babu silifa, babu jaka. Ko masu kwalekwalen ne suka ɗauka, ko wani mai wucewa, ko ruwa ya ja, har yau ban sani ba.

Na tambayi matan masunta. Suka ce ba su gani ba. Na roƙi ɗaya ta ara mini zane, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce wanda ke jikinta kaɗai gare ta, ko ta tuɓe mini shi? Suka fashe da dariya. Na zauna a gindin kwakwa ina tunanin in wuni a nan har dare. Sai na tuna in ban koma ba matata za ta ɗauka teku ta cinye ni, ta tara mutane, abin ya fi haka muni.

Na tashi na kama hanya, da 'yar singileti da gajeren wando, kai babu hula. A cikin gari ba wanda ya kula, don ana ganin irina. Da na tsallaka layin dogo na shigo Zongo sai komai ya canja. Lokacin karin kumallo ne, kowa yana waje. Masu shayi, masu ƙosai, dattawa a kan tabarmi, mahauta suna wasa wuƙa. Na yi tunanin in ruga da gudu in wuce da sauri, na ga in na ruga za a yi mini ihun ɓarawo. Na yi tunanin in tafi a hankali kamar ba komai, na ga hakan ya fi kama da hauka. Sai na yi wani abu tsakanin biyun, ina jan gefen wandon ƙasa da hannuwa biyu, shi kuwa ba ya jawuwa.

Hira ta riƙa mutuwa a duk inda na iso. Wata mata ta ce, "Subhanallahi," ta juyar da 'yarta. Wani abokin mahaifina ya buɗe baki zai gaishe ni, ya fasa. Babu hanyar gidana sai ta layin raguna. Surukina yana zaune a rumfarsa tare da baƙi biyu da suka zo daga Nijar. Ban taɓa wuce shi ban gaishe shi ba. Ƙafafuna suka tsaya da kansu. In tsuguna da wannan wando? In wuce? Na tsaya a tsakiyar layi, gumi yana bin ƙafafuna.

Shi ya raba gardamar. Ya miƙe, ya juya mini baya, ya kama ƙahon wani rago ya buɗe bakinsa yana nuna wa baƙin haƙora, yana ta bayani da ƙarfi, shi da ba ya ɗaga murya. Dole suka juya suka bi hannunsa da kallo. Na wuce.

Matata tana shara a tsakar gida. Ta ga shigowata, tsintsiyar ta faɗi.

"Ta ina ka biyo?"

"Ta layi."

"Baba yana nan?"

"Yana nan."

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ranar ban buɗe shago ba.

Kafin la'asar labari ya gama Zongo, kuma kowa da irin nasa. Waɗansu suka ce aljanun teku ne suka taɓa ni, shi ya sa nake ramewa. Waɗansu suka ce mijin wata ne ya kama ni na tsere ba riga. Wanda ya fi tsorata ni shi ne na masu cewa an gan ni ina gudu tare da soja, wato na shiga aikin hukuma, ina kai rahoton mutane. A wancan lokaci wannan ba ƙaramar magana ba ce. Zongo cike take da masu shigo da kaya ta bayan fage, kowa yana da abin da ba ya son a ji. Masu zaman hira a bencin shagona suka ɗauke ƙafa. In na iso majalisa sai a koma zancen ruwan sama. Na'ibin limaminmu ya same ni bayan magariba, ya yi mini magana a hankali, ba faɗa, ya tuna mini iyakar al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa. Na ce na sani, Malam. Ya ce ya san na sani.

Da na koma gaishe da surukina bayan kwana biyu, ya amsa kamar kullum, yana kallon raguna. Bai tayar da maganar ba. Ni ma ban tayar ba.

Wanda ya wanke ni daga zargin aljanu da na mata shi ne delegen unguwa, wato wakilin hukuma a cikinmu, amma wankin da ya yi mini ya fi dattin. Kowace Asabar akan fito da mu sharar unguwa, kowa da tsintsiya ko shebur, shi yana tsaye da lasifika. Ashe mushe ya kai sunana cikin masu gudun Wida, takarda ta biyo ta hannunsa. Ina cikin kwashe shara a kwata sai na ji lasifika tana kiran kamarad tela. Ya ce in ɗaga hannu kowa ya gan ni. Ya ce ga ɗan Zongo na farko da zai nuna wa duniya cewa mu ma ba a bar mu a baya ba, ga misalin sabon mutum da juyin juya hali yake ginawa. Ya ce a tafa. Aka tafa, tafin da ake yi in an ce a yi. Ina tsaye da shebur, ƙafata cikin baƙin ruwa, ina addu'ar ƙasa ta buɗe.

Da yamma na ce wa matata na bari. Ina zaton za ta yi murna. Tana tsefe wa 'yarmu kai, ba ta ɗago ba.

"Yanzu kuma? Bayan an gama ganin abin da za a gani?"

"Ke ba ke kika ce..."

"Na ce kada a sani. An sani. In ka bari yau, cewa za a yi haukan ne ya tashi ya kwanta. Ka je ka yi abin nan, ko don a san akwai abin da kake yi. Amma wannan wandon na ƙona shi."

Na ɗinka na uku, daidai gwiwa, da yadi mai laushi, na juya ɗinkin waje, ina shafa man kaɗe a cinya kafin in sa. Na daina ɓuya, tunda babu sauran abin ɓoyewa, amma ban daina sa kaftani a kai ba har sai na fita unguwa. Duk damina muka yi ta gudu, cikin ruwa, cikin taɓo, har mushe ya fara kai mu hanyar Godome mu dawo. Na kai inda zan yi rabin tafiyar Wida ban tsaya ba. Mushe ya ce sauran rabin, a ranar gudun ake samo shi. Na yarda da shi don ina son in yarda.

Ranar gudun, manyan motocin soja suka kwashe mu da asuba zuwa Wida. Mun fi yadda na zata yawa, galibi samari ne sirara, ɗalibai da sojoji. Aka yi jawabi, aka harba bindiga, muka tashi. Farkon tafiyar ta yi mini daɗi. Iska tana da sanyi, bishiyoyin kwakwa a dama da hagu, mutanen ƙauyuka sun fito bakin hanya da bokitan ruwa suna ihu. Babu wanda ya san ni a cikinsu, babu wanda ya san surukina. Na manta da shawarar mushe, na bi wasu samari da saurin da ba nawa ba.

Rana ta ɗaga. Kwalta ta fara hucin zafi ta cikin takalmi. Waɗanda na wuce suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Mushe ya iso, ya jera da ni kaɗan, ya dubi fuskata, ya ce in sha ruwa a duk inda na gani, ya yi gaba. Kafin Godome cinyoyina sun zama itace. Na koma gudu kaɗan, tafiya kaɗan. Da na shigo Vedoko jandarmomin da suka tare hanya saboda gudun sun riga sun buɗe ta, motoci da babura suna ta wuce ni suna hon, ina rakuɓe a gefe tsakanin masu tallar burodi da masu gyaran taya. A bayana akwai motar da ke kwasar waɗanda suka gaza, tana biye da ni a hankali, hayaƙinta yana dukan ƙeyata. Wani soja a bayanta ya leƙo.

"Kamarad, hau mana. Kai kaɗai ka rage."

Na girgiza kai. Can gaba ya sake cewa, na sake girgizawa. A mahaɗar Santa Rita, daidai bakin kasuwa, sharaɓar ƙafata ta dama ta dunƙule kamar dutse. Na taka ta hagu, ita ma ta kama. Na faɗi a gaban tiren wata mai tumatir, na kasa ko miƙe ƙafa, ina wani irin kuka da ban san ina da shi ba. Mata suka taru. Ɗaya ta kwara mini ruwan da take wanke kifi da shi, wata ta kama ƙafar tana ja. Sojoji biyu suka sauko suka ɗauke ni, ɗaya a hannuwa ɗaya a ƙafafu, suka ɗora a mota. Abin da ya rage tsakanina da ƙarshe bai taka kara ya karya ba in a mota ne.

Na ɗauka gida za a kai mu, ko asibiti. Sai motar ta nufi filin da ake kammalawa. Ta tsakanin katakon motar na hango fararen kaftanai da huluna a gefe guda. Mutanen Zongo ne. Delege ya tattaro su, har da mai kalangu daga cikin mahauta. Sun tsaya a rana tun safe, sun ga na farko ya shigo, sun ga na ƙarshe, ba su gan ni ba. Na kwanta shame-shame a cikin motar, na roƙi sojan ya bari sai an watse. Bai ji ba, ko bai damu ba. Direba ya tsaya daidai gabansu, aka saki ƙofar baya.

Wani ya ce, "Ga shi nan!" Mai kalangu ya ɗauki kiɗa, ya yi 'yan bugu, ya ga yadda ake sauko da ni, ya tsaya. Delege ya duba lasifikarsa kamar ta lalace. Da sun yi dariya da na san yadda zan yi da su. Ba su yi ba. Wani dattijo ya cire hularsa ya fifita ni, ya ce, "Sannu, Malam tela. Sannu." Sauran suka ɗauka, sannu, sannu, irin wadda ake yi wa mara lafiya. Ina warin kifi. Mahauta biyu suka rataya hannuwana a kafaɗunsu suka kai ni inda za a sami tasi. Surukina ba ya cikinsu, kuma na gode wa Allah a kan wannan.

Matata ba ta tambaye ni komai ba. Ta dafa ruwa ta gasa mini ƙafafu. Farata biyu sun yi baƙi. Sai da ta gama ta ce, "Har ina ka kai?" Na ce Santa Rita. Ta ce, "Daga Wida?" Na ce daga Wida. Ta ɗauki bokitin ta fita zubarwa.

Washegari na lallaɓa na fita ina dafa bango. Na tsallaka layi, na cire takalmi a bakin rumfa, na tsuguna da ƙyar, na gaishe da surukina. Ya amsa. Na zo tashi, ƙafafu suka ƙi. Na dafa ƙasa na yunƙura, cinyoyina suka yi rawa, na koma na zauna daɓas a kan kashin raguna. Na sake gwadawa, haka. Babu kowa a kusa, masu yi masa aiki sun tafi ɗebo dusa.

Sai na ga hannu a gabana, dogo, busasshe. Fuskar surukina tana kallon wani wajen. Tun da na auri 'yarsa hannuna bai taɓa taɓa nasa ba. Na kama da hannu biyu, ya ja ni da ƙarfin da ban zata ba, na miƙe.

Ya ce, har yanzu bai dube ni ba, "An ce a Santa Rita ka tsaya."

"E, Baba."

"Da ƙafa tun daga Wida."

"E, Baba."

Ya shiga gyara igiyar wani rago.

"Ina saurayi na koro dabbobi daga Malanbil zuwa Paraku a ƙasa. Da muka isa kwana uku ban iya sallah a tsaye ba." Ya ƙulla igiyar. "Ka sa gishiri a ruwan zafin."

"To, Baba."

Na sa takalmi na tsallaka zuwa shago, bayan kaftanina duk kashin raguna, ina jin idon layin gaba ɗaya a kaina. Na zauna a kan keke na tarar ba zan iya taka shi ba. Sai na ɗauko wata riga da ke jiran maɓallai, na zare allura, na yi aikin hannu har azahar.